Darasi na 9: Lissafin Kuɗin Wutar Sola a Gida

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi ana son mai koyo ya iya lissafa abin da haske ke ci masa a wata, ya san ta inda tallafin sola ke biyowa a Nijeriya, kuma ya iya auna ko kayan da ake tallata masa za su mayar da kuɗinsu. A zo da littafi da fensir, domin lissafi ya fi karatu yawa a yau.

Me ya canja?

Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur. Kafin ranar ana sayar da lita ƙasa da naira 200 a gidajen mai na gwamnati. Cikin 'yan kwanaki ta haura naira 500, a watan Oktoba na 2024 kuma ta wuce naira 1,000. Duk wanda ke da ƙaramin janareta a Gidan Waya, ko Godogodo, ko Jagindi, ko cikin garin Kafanchan, ya ji wannan a aljihunsa. Masu aski da masu cajin waya da masu buga takardu da ke kewayen Kwalejin Ilimi ta Jihar Kaduna da ke Gidan Waya suka ƙara farashi, gidaje da yawa kuma suka rufe janareta da buhu suka koma tocila.

Ita ma wutar layi ta motsa. A watan Afrilu na 2024 hukumar NERC mai kula da harkar lantarki ta ɗaga farashin rukunin A daga kusan naira 68 zuwa naira 225 a kan kowane yunit, daga baya aka ɗan sauko da shi. Rukunin A su ne waɗanda aka yi wa alkawarin wuta ta awa 20 a rana. Rukunin B awa 16, C awa 12, D awa 8, E kuma awa 4. Kamfanin Kaduna Electric ne ke raba wuta a yankinmu, kuma takardar bil ko rasit ɗin katin mita na nuna rukunin da gida yake. A duba, don lissafinmu zai buƙace shi.

A ɗaya ɓangaren, farashin farantin sola a kasuwar duniya ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da 2020. Faɗuwar darajar naira, daga kusan 460 a kan dala ɗaya a tsakiyar 2023 zuwa sama da 1,500 a 2024, ta cinye wani kaso na wannan sauƙi, tunda kusan dukkan kayan daga waje ake shigo da su. Duk da haka fetur ya fi faranti gudu wajen tsada.

Lissafi na farko: nawa haske ke ci yanzu?

Mutane kan ce sola tsada gare ta, kuma gaskiya ne. Abin da ba su cika lissafawa ba shi ne kuɗin da ke fita kullum da yamma, ɗari biyar nan, dubu can, ba tare da an rubuta ba. Alkaluman da ke biye na misali ne don koyon lissafi. Kowa ya sa na gidansa a madadinsu.

Gida na farko yana da ƙaramin janareta, irin wanda ake haɗa masa fetur da baƙin mai. Mu ɗauka yana shan rabin lita a awa ɗaya, ana kunna shi awa 4 a dare. Lita 2 ke nan. In lita tana naira 1,000, dare ɗaya ya ci naira 2,000. Ba kullum ake kunnawa ba, wani dare akwai wutar layi, wani dare babu kuɗi, don haka mu ce dare 20 a wata: naira 40,000. A ƙara naira 5,000 na baƙin mai da filogi da ladan mai gyara, da naira 3,000 na batirin tocila da cajin waya a shago. Jimla naira 48,000 a wata, wato naira 576,000 a shekara. Mafi ƙarancin albashi da gwamnatin Jihar Kaduna ta amince da shi a 2024 naira 72,000 ne. Wannan gida yana ƙona kashi biyu cikin uku na irin wannan albashi don ya ga haske na awa huɗu.

Gida na biyu ba shi da janareta. Waya uku ake kaiwa caji kullum a naira 100 kowace, naira 9,000 a wata. Batirin tocila da na rediyo naira 500 a mako, naira 2,000 a wata. Jimla naira 11,000. Mai wannan gida zai rantse ba ya kashe komai a kan wuta, alhali yana kashe naira 132,000 a shekara.

Akwai wani lissafi da ya kamata a tsaya a kansa. Yunit ɗaya na wuta shi ne wat 1,000 na tsawon awa ɗaya. In janareta yana ɗauke da kayan da ke jan wat 500, a awa ɗaya ya ba da rabin yunit ya sha man naira 500. Yunit ɗaya ya kama naira 1,000 ke nan, sama da ninki huɗu na farashin rukunin A mai tsada. Daga nan za a gane abu guda: sola tana saurin mayar da kuɗinta ne idan fetur ta maye gurbi. Wanda layinsa ke samun wuta sosai kuma yana da mitar kati, ya yi a hankali, domin wutar layi, in tana zuwa, ita ce mafi arha a wajensa. Irin wannan gida ƙaramin baturi da 'yan ƙwayaye na lokacin ɗaukewar wuta sun ishe shi, kada wani ɗan kasuwa ya ɗora masa kayan miliyan.

Lissafi na biyu: wane girman kaya gida ke buƙata?

Kowane kayan lantarki yana da rubutun wat a jikinsa ko a kwalinsa. A ninka wat da yawan awannin da ake amfani da shi. Ga misali na gida na farko.

Ƙwan fitila 5 masu wat 6, awa 5: 150.
Fankar sola 2 masu wat 20, awa 8: 320.
Talabijin mai wat 50, awa 4: 200.
Cajin waya 4, kowace 10: 40.

Jimla 710. A ƙara kashi ɗaya cikin huɗu saboda wutar da ke ɓacewa a wayoyin haɗi da baturi da inbata (na'urar da ke mayar da wutar baturi irin ta layi), ta koma kusan 900. Yanzu a raba da awannin rana mai ƙarfi. A Kudancin Kaduna damina tana da tsawo, daga Afrilu zuwa Oktoba, kuma a watan Agusta akan wuni ana marka, rana ba ta leƙo ba. Saboda haka a raba da 4, kada a raba da 6 kamar yadda mai sayarwa zai so. An samu 225, don haka faranti mai wat 250 zuwa 300 ya dace.

Sai baturi. Baturin ruwa mai bolt 12 da am 150 yana ɗaukar 1,800, wato 12 sau 150, amma rabinsa kaɗai ake so a ja, in ana son ya yi ƙarko. Rabin 1,800 shi ne 900, daidai da buƙatar gidan. Baturin litiyam mai am 100 yana ɗaukar kusan 1,280, kuma ana iya jan kashi 80 cikin 100 nasa ba tare da lahani ba.

A lura ba mu sa dutsen guga ba, ba mu sa hita ko rishon lantarki ba. Dutsen guga ɗaya yana jan wat 1,000 ko fiye, a awa ɗaya ya shanye wutar gidan ta yini guda. Dutsen gawayi yana nan da amfaninsa. Firji kuwa yana ninka girman kayan da ake buƙata, sai dai in sana'a ake yi da shi, kamar sayar da ruwan sanyi, zoɓo ko kunun aya, wanda ribarsa za ta taimaka wajen biya.

Lissafi na uku: yaushe kuɗi zai dawo?

Mu ɗauka an je kasuwar Kafanchan an yi ciniki, faranti da baturin ruwa da na'urar daidaita caji da ƙaramar inbata da wayoyi da ladan mai haɗawa sun kama naira 600,000. Bayan an haɗa, gida na farko ya daina kashe naira 40,000 daga cikin 48,000 ɗin nan, sauran ya bar shi don ranakun marka da za a tayar da janareta. Naira 600,000 a raba da 40,000: wata 15.

Nan ne mutane da yawa ke rufe littafi, kuma nan ne kuskuren yake. Faranti mai kyau yana kai shekara 20 zuwa 25. Baturin ruwa kuwa shekara 2 zuwa 4 ne, ya danganta da yadda aka riƙe shi. Ka zagaya unguwa ka ƙirga rufin da ke ɗauke da faranti amma gidan na cikin duhu. Galibinsu faranti lafiyarsa lau, baturi ne ya mutu ranar da babu kuɗin sabo. Sola kamar saniyar tatsa take: an saye ta sau ɗaya, amma wanda ya sha nono bai ware kuɗin dusa ba, ba zai daɗe yana sha ba. In sabon baturi naira 180,000 ne kuma zai yi shekara 3, wato wata 36, to a riƙa ajiye naira 5,000 kowane wata tun daga watan farko. Rarar gaskiya ta zama naira 35,000, kuɗin kaya kuma ya dawo cikin kusan wata 17. Daga nan abin da ya biyo baya riba ce, naira 420,000 a shekara a wannan misali, kuɗin makarantar yara ko na taki.

Baturin litiyam ya fi tsada a sayen farko, amma mai kyau yana kai shekara 8 zuwa 10, ba a zuba masa ruwa, kuma ba ya fitar da tururi a ɗaki. A ganina wanda zai iya jira ya ƙara tara kuɗi ya saye shi ya fi wanda ya yi gaggawa. Amma a guji na gwanjo da aka sake wa fenti da sabon tambari.

Ina tallafin yake?

A wasu ƙasashe tallafi yana zuwa hannun mai gida kai tsaye. A Amurka gwamnatin tarayya ta yi shekaru tana yafe wa mai gida harajin da ya kai kashi 30 cikin 100 na kuɗin solar da ya haɗa, har zuwa ƙarshen 2025. A Jamus dokar shekarar 2000 ta wajabta wa kamfanonin wuta sayen rarar wutar da rufin mutum ya samar a farashi mai tsoka. A Nijeriya hanyar daban ce, kuma rashin sanin haka ya sa 'yan damfara ke cin kasuwa.

Hukumar samar da wutar lantarki a karkara, REA, ita ke riƙe da manyan shirye-shiryen. A ƙarƙashinta aka gudanar da shirin NEP da dala miliyan 350 daga Bankin Duniya da dala miliyan 200 daga Bankin Raya Afirka. A watan Disamba na 2020 aka ƙaddamar da Solar Power Naija da burin haɗa gidaje da shaguna miliyan 5, Babban Bankin Nijeriya kuma ya ware naira biliyan 140 na rance mai sauƙi. A Disamba na 2023 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 don shirin DARES, wanda ke son kai wuta ga mutum miliyan 17.5. Waɗannan kuɗaɗe masu nauyi ne, amma kamfanoni ake ba. Kamfanin da aka tantance yakan haɗa wa gida kaya, a tabbatar ya haɗa, sannan a biya shi wani kaso. Mai gida yana ganin tallafin ne a cikin farashin da ya ragu ko a cikin damar biya kaɗan-kaɗan. Haka kuma an sa kayan makamashin rana cikin jerin kayan da aka yafe wa harajin VAT na kashi 7.5, wannan ma a farashi yake ɓoye.

Saboda haka duk wanda ya zo da fom ya ce a biya naira dubu biyu ko biyar na rajista, gwamnati za ta raba sola kyauta, ko ya turo saƙo a WhatsApp yana neman lambar BVN da lambar sirrin kati, a rabu da shi. Tambayar da ta dace a yi wa wakilin kamfani ita ce: kamfaninku yana cikin waɗanda REA ta tantance? In yana ciki, nawa aka rage a kan wannan kaya?

Ma'aikata masu albashi suna da wata ƙofa. A 2024 gwamnatin tarayya ta kafa CREDICORP don bai wa jama'a bashin sayen kaya, kuma a cikin shirye-shiryenta akwai asusun CALM na sayen sola da mayar da mota mai amfani da gas. Ta hannun bankuna da ƙananan cibiyoyin kuɗi ake bayarwa, ana cira daga albashi. Malamin makaranta ko ma'aikacin asibiti ya tambayi bankinsa. Bashi ne, ana biya, kuma a nemi a rubuta jimlar abin da za a biya daga farko har ƙarshe kafin a sa hannu. Wanda ba ya son mu'amala da kuɗin ruwa zai iya tambayar bankunan da ba sa harka da ruwa, irin su Jaiz, game da murabaha, inda banki ke sayen kayan ya sayar wa mutum da ribar da aka sani tun farko.

Biya kaɗan-kaɗan, adashi, ko kuɗin kaka?

Kamfanoni irin su Sun King da d.light da Lumos sun shahara da tsarin biya kaɗan-kaɗan. Ana ba da kafin alƙalami, a tafi da kaya, a riƙa biya ta waya ko ta hannun wakili duk mako ko wata. In ba a biya ba na'urar ta kulle kanta, in an gama biya ta zama ta mai gida. Ga gida na biyu, mu ɗauka ƙaramin saiti mai ƙwai huɗu da rediyo da wurin caji naira 150,000 ne kuɗi hannu. A tsarin biya kaɗan-kaɗan, kafin alƙalami naira 20,000, sai naira 2,500 duk mako har mako 78, wato shekara ɗaya da rabi. A ninka: 195,000. A haɗa da kafin alƙalami: 215,000. An biya ƙarin naira 65,000 a kan farashin kuɗi hannu. Wakili ba zai fara faɗin wannan jimla ba, zai tsaya ne a kan "dubu biyu da ɗari biyar kacal". Amma a duba ɗaya gefen: naira 2,500 a mako kusan daidai take da naira 11,000 da gidan ke kashewa a wata dama can. Ba a ƙara masa nauyi ba, kuma bayan shekara ɗaya da rabi biyan ya ƙare. Ga wanda ba shi da hanyar tara kuɗi, cinikin bai yi muni ba.

Adashi ya fi shi arha. Mutum 10 su riƙa zuba naira 15,000 a wata, kowane wata ɗaya ya kwashi naira 150,000 ya sayi saitinsa kuɗi hannu. Cikin wata 10 kowa ya samu, babu ƙarin ko kwabo. Matsalar ita ce na ƙarshe zai iya tarar da farashi ya tashi, don haka a yi yarjejeniya tun farko cewa in kaya ya ƙara kuɗi kowa zai cika. Zumuntar mata ta coci, ƙungiyar matan Islamiyya, ƙungiyar gama kai ta malamai ko ta 'yan acaɓa duk suna iya yin wannan, kuma mutum goma da suka je wajen dila ɗaya sun fi mutum ɗaya bakin neman ragi. Wannan yanki ba baƙo ba ne ga irin wannan tsari: Gidauniyar Fantsuam, da aka kafa a 1996, ta daɗe tana ba mata ƙananan rance a Kafanchan da ƙauyukanta, ita kanta kuma ta dogara da farantan sola da batura wajen riƙe kwamfutoci da intanet a cibiyarta ta Bayan Loko.

Manomi kuwa kuɗinsa a dunƙule yake zuwa, lokacin da aka haƙe citta ko aka sayar da masara da waken suya. Sayen kuɗi hannu da kaka ya fi masa. Annobar da ta lalata cittar Kudancin Kaduna a daminar 2023 ta nuna haɗarin ɗaukar bashin mako-mako a kan amfanin gonar da bai zo gida ba.

Abin da ke cinye riba

Ƙurar hunturu tana rufe faranti ta rage wutarsa, a goge shi da tsumma mai laushi da ruwa da sassafe kafin ya yi zafi. A fuskantar da shi kudu, a ɗan karkata shi kamar digiri 10 zuwa 15 don ruwan sama ya wanke shi, kuma kada inuwar mangwaro ko ta tankin ruwa ta faɗa masa, domin inuwa a kan kusurwa ɗaya tana iya rage ƙarfin faranti duka. Yankinmu yana da tsawa da damina, a sa mai haɗawa ya binne ƙarfen da ke kai wuta ƙasa kuma ya sa fis. Siririyar waya mai arha tana ɗumi, tana zubar da wuta, tana iya tayar da gobara. Baturin ruwa a zuba masa ruwan baturi kaɗai, ban da na rijiya. A karɓi rasit da takardar garanti mai ɗauke da lambar kaya, a kuma san shagon da za a koma in abu ya lalace. Janaretan da aka ajiye don marka a waje ake kunna shi, nesa da taga, saboda hayaƙinsa yana kisa cikin barci.

Aikin aji

1. Wani gida yana kashe naira 30,000 a wata a kan fetur. An ce masa saitin sola naira 450,000 ne, baturinsa naira 144,000 kuma zai yi shekara 3. Nawa zai riƙa ajiyewa a wata don baturi? Cikin wata nawa kuɗin saitin zai dawo?

2. Wakili ya ce kafin alƙalami naira 30,000, sai naira 12,000 a wata har wata 18. Farashin kuɗi hannu naira 190,000. Nawa ne ƙarin?

3. Mutum biyu su tashi, ɗaya ya zama wakilin kamfani, ɗaya uwargida. Uwargida ta fara da cewa, "Ɗana, kafin ka kunna mini fitilar nan, faɗa mini jimlar abin da zan biya har in gama." Sauran aji su ƙara tambayoyin da ta manta.

Aikin gida

Daga yau har mako mai zuwa, a rubuta duk kuɗin da ya fita a gida saboda haske, caji, fetur ko batir, komai ƙanƙantarsa, tare da ranar. A kwafo wat ɗin da ke jikin kowane kayan lantarki na gida, a kuma tambayo farashin faranti mai wat 300 da baturi mai am 150 a shago biyu daban-daban. A zo da littafin a darasi na gaba, da alkaluman kowa za mu yi lissafin.